Alƙalin da ya sa hannu, ya dawo ya janye: labarin Jonathan Jasper Wright

1/
Jama'a ku matso, yau tarihi za mu taɓa. A watan Fabrairun 1877 wata jiha a Amurka tana da gwamna biyu da kakakin majalisa biyu, kowa na cewa shi ne halastacce. Rigimar ta je ta tsaya a gaban alƙalai biyu kacal. Ɗayansu baƙar fata ne mai shekara 37. Ya sa hannu a hukunci, bayan kwana biyu ya dawo ya ce ya janye. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. 🧵

2/
Da farko a gane wani abu. Mu a Najeriya Kotun Ƙoli ɗaya ce, tana Abuja, jihohi kuwa Babbar Kotu gare su. A Amurka kowace jiha tana da tsarin mulkinta da kotun ƙolinta, kuma a kan dokar jihar maganar wannan kotu ce ta ƙarshe. Jonathan Jasper Wright shi ne baƙar fata na farko da ya zauna a irin wannan kotu a duk faɗin Amurka. Jihar kuwa ita ce Karolina ta Kudu.

3/
An haife shi ranar 11 ga Fabrairu, 1840, a jihar Pensilbaniya da ke Arewa, inda bauta ta riga ta kusa gushewa. Ɗa ne, bai taɓa zama bawa ba. Amma kar ku ɗauka daɗi ake ji a can. Shekara biyu kafin haihuwarsa, a 1838, jihar ta gyara tsarin mulkinta ta ce farar fata kaɗai ke da ƙuri'a. Yana da shekara 17 kuma Kotun Ƙolin ƙasa ta yanke a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.

4/
Yaron da aka faɗa wa haka shi ne ya ce lauya zai zama. Ya taso a ƙauye a gundumar Susquehanna, ya yi makaranta a garin Ithaca na jihar New York, ya dawo gida yana koyarwa. A wancan zamani yawancin lauyoyi ba jami'a suke zuwa ba. Ofishin wani lauya za ka lazimta, kana karanta littattafansa kana yi masa aiki, kamar dai yaron shago. Haka Wright ya yi a garin Montrose.

5/
Da ya ga ya ƙoshi, ya nemi a yi masa jarrabawar zama lauya. Aka ƙi. Ko zama ba a bar shi ya yi ba balle a ce ya faɗi. Launin fatarsa ya isa dalili.

6/
Ana cikin haka Yaƙin Basasa ya zo ƙarshe a 1865, Kudu ta sha kashi, bauta ta faɗi. Wata ƙungiyar mishan ta tura Wright garin Beaufort a gaɓar tekun Karolina ta Kudu, ya koya wa 'yantattun bayi da sojoji baƙar fata karatu da rubutu. Ku tuna wannan ita ce jihar da ta fara ɓallewa daga Amurka a Disamban 1860, kuma a tashar ruwanta ta Charleston aka harba harsashin farko na yaƙin.

7/
Charleston ɗin nan ba baƙuwarmu ba ce. Kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirka da aka kai Amurka ta Arewa a matsayin bayi ta nan aka sauke su, da yawa daga Afirka ta Yamma, aka zuba su gonakin shinkafa. Shi ya sa bayan yaƙi baƙar fata suka fi yawa a jihar, kusan mutum 6 cikin 10. Ku riƙe wannan lissafi, duk abin da zai biyo baya a kansa yake tafiya.

8/
A 1866 Majalisar Tarayya ta yi dokar da ta ce duk wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne. Wright ya koma Pensilbaniya ya sake buga ƙofar da aka rufe masa. Wannan karon aka yi masa jarrabawa, ya ci, a watan Agustan 1866 ya zama lauya baƙar fata na farko a jihar. Bai zauna ba. Ya sake komawa Beaufort, hukumar tarayya mai kula da 'yantattun bayi ta ɗauke shi mai ba su shawarar shari'a.

9/
Aikin ba na suna ba ne. Mutanen da jiya ake sayar da su yau ana miƙa musu takardar kwantiragin noma da ba su iya karantawa, ana cinye musu lada, ana korar su daga gonakin da suka zaci sun zama nasu. Irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne ke zuwa teburinsa kullum.

10/
1868 ita ce shekarar da komai ya juya. Gwamnatin tarayya ta ce jihohin Kudu ba za su dawo majalisar ƙasa ba sai sun rubuta sabon tsarin mulki, kuma maza baƙar fata su yi zaɓe. Aka yi taro a Charleston, wakilai 124, fiye da 70 baƙar fata. Wright na cikinsu, yana cikin mataimakan shugaban taron, kuma yana cikin waɗanda suka tsara sashen shari'a.

11/
Tsarin mulkin da suka fitar ya ba kowane namiji ƙuri'a ba tare da duba dukiya ba, ya kafa makarantun gwamnati ga kowa, ya hana ɗaure mutum saboda bashi. Kotun ƙoli kuma aka ce alƙalai uku: babba ɗaya, mataimaka biyu. Majalisar dokoki ce ke zaɓensu, wa'adi shekara 6. Hukunci ba ya zama hukunci sai biyu sun yarda. Wannan ma ku riƙe shi.

12/
A shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan jiha daga Beaufort. (Eh, yawancin jihohin Amurka majalisa biyu gare su, ta wakilai da ta dattawa.) Sai wata kujera ta faɗi a kotun ƙoli bayan Solomon Hoge ya tafi Majalisar Tarayya. Ranar 1 ga Fabrairu, 1870 majalisa ta zaɓi Wright. Saura kwana goma ya cika shekara 30. Ko shekara huɗu bai yi da zama lauya ba.

13/
Kafin wani ya rikice: jam'iyyun lokacin ba kamar na yau suke ba. Rifablikan ita ce jam'iyyar Lincoln, ita baƙar fata ke bi. Dimokrat a Kudu kuwa ta tsofaffin masu bayi ce. Abokin takarar Wright wani lauya ne baƙar fata, William Whipper, mai zafin baki. Tsirarun 'yan Dimokrat da ke majalisa suka ga tunda dole ɗaya zai hau, gara mai sanyin. Da ƙuri'unsu a cikin waɗanda suka kai shi.

14/
Abokan zamansa biyu. Babban alƙali Franklin Moses, dattijo ɗan asalin jihar da ya goyi bayan ɓallewa sannan ya koma Rifablikan bayan yaƙi. Sai Ammiel Willard, farar fata daga New York wanda ya yi hafsa a rundunar sojoji baƙar fata. Ku dubi wannan benci: tsohon ɗan aware, baƙo daga Arewa, da baƙar fata. Manyan lauyoyin jihar, da yawansu tsofaffin masu bayi, dole su tsaya gaban wannan na ukun su yi masa ladabin kotu.

15/
Shekara bakwai ya yi. An ƙirga ya zauna a shari'a 425, ya rubuta hukunci 87. Yawanci abubuwan yau da kullum ne: bashi, gado, fili, kwantiragi. Babu wani abin ban mamaki a ciki, kuma ni a ganina wannan ma abin lura ne. Jaridun adawa sun yi ta jiran ranar da zai yi abin kunya a ce "ai mun faɗa", mutumin kuwa aikinsa kawai yake yi.

16/
Gaskiya kuma a faɗe ta: gwamnatin Rifablikan ta jihar ta yi ƙaurin suna wajen cin hanci. Ɗan babban alƙalin ma, Franklin Moses ƙarami, ya yi gwamna daga 1872 zuwa 1874, kuma ɓarnarsa har 'yan jam'iyyarsa ta isa. Satar gaske ce. Sai dai masu adawa sun mayar da ita hujjar cewa baƙar fata bai cancanci mulki ba sam, alhali a shekarun nan birnin New York ma 'yan siyasa farar fata na wawushe shi.

17/
To, 1876. Gwamna mai ci Daniel Chamberlain, ɗan Rifablikan daga Massachusetts, yana neman zarcewa. Dimokrat suka tsayar da Wade Hampton, janar ɗin sojan doki na 'yan aware, daga gidan da ke cikin mafi yawan bayi a Kudu. Ku tuna lissafin nan na 6 cikin 10. In aka yi zaɓe na gaskiya, Hampton ba shi da hanya. Su ma sun san haka.

18/
Sai aka koma bindiga. Ƙungiyoyin mahaya masu jajayen riguna suna tarwatsa taron Rifablikan, suna bi gida-gida da barazana. A watan Yuli a garin Hamburg aka kashe baƙar fata shida, wasunsu bayan an kama su aka fitar da su ɗaya-ɗaya aka harbe. A Satumba a Ellenton aka kashe gommai. Shugaba Grant ya ƙaro sojoji, amma ba su isa su tsare kowace rumfa ba.

19/
Zaɓe ranar 7 ga Nuwamba. A gundumomin Edgefield da Laurens aka yi aringizon da ko makaho ya gani, a Edgefield ƙuri'un sun fi yawan masu zaɓen. In aka haɗa da su Hampton ya ci da ratar ƙuri'a dubu ɗaya da 'yan kai. In aka cire su Chamberlain ya ci. Hukumar tattara sakamako, wadda ke hannun Rifablikan, ta soke su. Mu da muka saba kwana muna jiran kotu ta faɗi waye gwamna, wannan fim ɗin mun san shi.

20/
Kotun ƙoli ta shiga tun a nan. Ta ce hukumar aikinta haɗa lissafi ne kawai, da suka bijire ta tura su gidan yari saboda raina kotu. Wani alƙalin tarayya, Hugh Bond, ya sake su. Kotu ta ɗaure, kotu ta kwance.

21/
Majalisar wakilai ta rabe biyu. Rifablikan da kakakinsu Mackey, Dimokrat da nasu Wallace. Akwai lokacin da duka biyun suka kwana huɗu a zaure ɗaya, kakaki biyu a kan dandamali, kowa na jan nasa zaman, ana kwana a kan benci don kar a tashi a rasa wuri, aljihu kuwa cike da bindiga. Sojojin tarayya na gadin ginin. A farkon Disamba kotun ƙoli ta ce majalisar Wallace ce halastacciya.

22/
Aka rantsar da Chamberlain ranar 7 ga Disamba, aka rantsar da Hampton ranar 14. Chamberlain na da ofis da sojoji a ƙofa. Hampton na da masu kuɗi: ya nemi a kai wa wakilansa kashi 10 cikin 100 na haraji, aka kai, baitulmalin Chamberlain ya bushe. Amma har yanzu kotun ƙoli ba ta fito ƙarara ta ce wane ne gwamna ba.

23/
Nan ne wata fursuna ta shigo tarihi. Sunanta Tilda Norris. Hampton ya yi mata afuwa, shugaban gidan yari ya ce bai san wani gwamna Hampton ba, ba zai sake ta ba. Aka kai ƙara kotun ƙoli a kan ana tsare da ita ba bisa doka ba. Kun ga dabarar? Gwamna kaɗai ke afuwa. In kotu ta ce a sake ta, ta ce Hampton ne gwamna ke nan ba tare da ta furta ba.

24/
Ana tsakiyar shari'ar babban alƙali Moses ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki. Bai sake zama a kotu ba, ya rasu farkon Maris. Saura Willard da Wright. Doka ta ce sai biyu sun yarda, wato ke nan dole su biyun su zama baki ɗaya. Willard ya riga ya karkata ga Hampton. Duk nauyin jihar ya sauka a kan mutum ɗaya.

25/
Ku ɗan tsaya ku shiga rigarsa. A gefe guda kotunsa ta riga ta amince da majalisar Wallace, wadda ita ta bayyana Hampton. A ɗaya gefen 'yan Chamberlain na da hujja mai ƙarfi: tsarin mulki ya ce a buɗe sakamakon gwamna a gaban majalisu biyu, ita kuwa ta dattawa ba ta halarci na Wallace ba. In ba a bi ƙa'ida ba, gwamna mai ci ne ke riƙewa har a gyara.

26/
Wannan a takarda ke nan. A waje kuma, garin Columbia cike yake da masu jajayen riguna, kuma kowa ya san abin da aka yi a Hamburg wata bakwai da suka wuce. Mutanensa, waɗanda ya koya wa karatu a Beaufort, suna kallonsa a matsayin katangar ƙarshe. In ya ce Hampton, ya miƙa su ga waɗanda suka harbe su. In ya ce Chamberlain, babu tabbacin zai kwana lafiya, kuma babu tabbacin wani zai bi hukuncin.

27/
Ranar 27 ga Fabrairu, 1877 ya sa hannu tare da Willard: a saki Tilda Norris. Ya roƙi a ɗan jinkirta fitar da takardar. Bayan kwana biyu sai ya aiko da rubutu cewa ya janye sa hannunsa, ya sake nazari, Hampton bai hau bisa ƙa'ida ba, don haka afuwar ba ta da ƙarfi.

28/
Willard ya ce bakin alƙalami ya bushe. Hukuncin da alƙalai biyu suka sa wa hannu ya zama hukunci, mutum ɗaya ba ya warware shi. Ya fitar da takardar shi kaɗai a kan benci, Wright bai zo kotu ba ranar. Aka saki matar.

29/
Me ya faru a kwana biyun nan? Kowane ɓangare ya baza nasa. 'Yan Hampton suka ce jiga-jigan Rifablikan ne suka tsare shi har ya juya. Masu kare shi suka ce sa hannun farkon ne na tsoro, na biyun shi ne ra'ayinsa. Ni dai abin da na ɗauka: duka biyun matsin lamba ne, kuma duk wanda ya ce shi da ya tsaya ƙyam, daga kan katifarsa yake faɗa.

30/
Ba ina wanke shi ba ne. Alƙali ya sa hannu ya janye, wannan rauni ne, kuma ya ba maƙiyansa sandar dukansa. Da ya ƙi tun farko, da kotu ta tsaya ɗaya da ɗaya, babu hukunci. Da ya tsaya a kan sa hannunsa, aƙalla a ce ra'ayinsa ne. Ya yi biyun, ya rasa kowa. Rifablikan na ganin ya fara sayar da su, Dimokrat na ganin ya ci amanarsu.

31/
Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wannan azaba ba ita ta raba gardamar ba. A makon nan dai a Washinton ake ƙarasa rigimar zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Hayes da Tilden, wadda ƙuri'un Karolina ta Kudu, Florida da Louisiana ke ciki. Aka ba Hayes na Rifablikan, da fahimtar cewa zai daina tsare gwamnatocin jam'iyyarsa a Kudu da soja.

32/
Hayes ya kira Hampton da Chamberlain Washinton, ya gana da kowannensu. Ranar 10 ga Afrilu, 1877 sojoji suka fice daga ginin majalisa a Columbia. Washegari Chamberlain ya miƙa ofis, daga baya ya tafi New York ya ci gaba da aikin lauya. Shi yana da inda za shi.

33/
Sai rabon sakamako. Willard, baƙon nan ɗan Rifablikan, majalisa ta ɗaga shi ya zama babban alƙalin jiha, da goyon bayan Hampton. Wright kuwa aka kafa masa kwamiti, majalisar wakilai ta kawo tuhumar tsige shi a kan wai shaye-shaye. Shekara bakwai yana benci ba a tsige shi ba, sai da mulki ya sauya hannu aka gano yana sha.

34/
Ba a kai ga yi masa shari'a a majalisar dattawa ba. Ya ga inda aka dosa, ya miƙa takardar murabus, ta fara aiki 1 ga Disamba, 1877. Hampton da kansa, a amsar da ya ba shi, ya nuna bai ɗauki murabus ɗin a matsayin amsa laifi ba. Wato kowa ya san kujerar ake so.

35/
Ya koma Charleston ya buɗe ofis. Ya koyar da ɗalibai baƙar fata aikin lauya a ƙarƙashin kwalejin Claflin, yadda shi ma aka koya masa a Montrose. Tarin fuka ya kama shi, ya rasu a watan Fabrairun 1885, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 45. A Charleston aka binne shi.

36/
Bai ga ƙarshen abin ba. A 1895 aka sake rubuta tsarin mulkin jihar ƙarƙashin jagorancin Ben Tillman, mutumin da ke cikin maharan Hamburg kuma yake alfahari da hakan a bainar jama'a. Da jarrabawar karatu da harajin zaɓe aka share baƙar fata daga rajista kusan gaba ɗaya. Tsarin mulkin 1868 da Wright ya taya rubutawa aka jingine shi.

37/
Baƙar fata na gaba da ya zauna a kotun ƙolin Karolina ta Kudu shi ne Ernest Finney, lauyan da ya kare ɗaliban da aka kama a zanga-zangar neman 'yanci a 1961. Majalisa ta zaɓe shi a 1985, shekara 108 bayan murabus ɗin Wright, shekara 100 cif bayan rasuwarsa. A 1994 ya zama babban alƙalin jihar.